Kafin Ka Sayi Shimfiɗar Rage Ƙarar Mota a Deira

Duk ɗan kasuwar da ya saba zuwa Dubai ya san shagunan kayan mota na Deira, musamman wajejen Naif da dandalin Baniyas. Cikin abin da ake tallatawa a can akwai wata shimfiɗa mai ƙyallin alminiyam da ake liƙawa a cikin ƙofofi, ƙarƙashin kafet da but, don rage ƙarar da ke damun mutum a mota. A ido duk kamarsu ɗaya, amma abin da ke bayan ƙyallin iri biyu ne: akwai na kwalta mai araha, akwai na robar butil.

Zafi ne ke raba gardama. A watannin Yuli da Agusta zafin Dubai kan kai digiri 45, ƙarfen motar da ta wuni a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwalta ba ta jure wannan. Sai ta yi laushi, ta saki jikin ƙarfen, ta zame ta taru a gindin ƙofa, ga wari mai hawa kai da zarar an rufe gilashi. Wanda zai kai kayan Sakkwato ko Maraɗi ya tuna yadda Afrilu yake a can. Butil ba ya narkewa a irin wannan zafi, warinsa kuma kaɗan ne.

To, yaya za ka gane shi? Ɓare takardar bayansa ka shinshina. In ka ji warin sabon titi, ajiye. Ka nemi ɗan yanki ka bar shi a rana, in ya yi laushi yana zamewa, kwalta ce. Akwai sanannun sunaye kamar Dynamat na Amurka da STP na Rasha, sai dai suna a jikin kwali ba shaida ba ne, kowa ya san jabu ba ya wuyar samu. Kaurin milimita 2 ya wadatar.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne zaton wannan shimfiɗa ita ce komai. Aikinta hana ƙarfe rawa ne kawai, kamar yadda faranti ke yin shiru in ka ɗora masa hannu bayan ka buga shi. Shi ya sa ba sai an lulluɓe ko'ina ba. Kwata zuwa rabin faɗin wurin, a tsakiya, ya isa. Ƙarar taya da ta titi kuwa nauyi ne ke tare ta, wato wata ledar roba mai nauyin kusan kilo 5 a kowace murabba'in mita, wadda ake shimfiɗawa a kan siririn soso marar shan ruwa. Mai turo kaya ta kargon jirgin sama, inda ake biya da kilo, ya yi lissafi tukuna.

Soson katifa kada ya kusanci ƙofa. Yana tsotse ruwan damina, ƙarshenta tsatsa. Haka ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa, hanyar fitar ruwa ce, a gargaɗi mai aikin kada ya toshe su.

Wata ƙarar ma ba ta shimfiɗa ba ce. In robar bakin ƙofa ta mutu, ko salansa ta huje, ko taya ta cinye, wurin makanike za a nufa. In an gyara waɗannan kuma kuɗin bai kai na mota duka ba, a fara da ƙofofin gaba biyu, a sa butil na gaske.