Ruwan Tiga da Jama'ar da Ya Tara

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar bazara, sa'ad da ƙasa ta ƙeƙashe, kuka ta zubar da ganyenta, in ya wuce Kura ya doshi Kadawa, lalle zai ga abin da kakanninmu da sun lissafa cikin karamomi: gonaki kore shar, ruwa na bin magudanai da gangaren ƙasa kawai, ba tare da inji ya tura shi ba. Asalin wannan ni'ima, bayan ikon Allah, madatsar Tiga ce, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, sa'an nan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ragamar aikin ban ruwa ta koma hannunta. Hekta 22,000 aka ƙudurta shayarwa a kashin farko, a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam.

Masu tsara aikin sun auna ƙasa, sun auna ruwa, amma a ganina ba su auna yawan bayin Allah da ruwan zai tara ba. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 140,000 a Kura, kimanin 170,000 a Bunkure, kuma tun daga lokacin ba a sāke ƙidaya a Nijeriya ba, alhali haihuwa ba ta tsaya ba, baƙi ma ba su daina zuwa ba. Domin dā in an gama kaka samari ke fita cin rani, yau kuwa nan ake zuwa cin ranin. Kura, wadda sunanta ya kai har Agadas saboda rini da baƙin ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa, yanzu da shinkafa aka fi saninta, mata na turara shanshera a cikin gidaje, injinan casa na ruri dare da rana.

Sai dai gona ba ta haihuwa kamar yadda mai ita ke haihuwa. Filin da magidanci ɗaya ya samu lokacin rabon farko, in ya rasu malamai suka raba shi bisa ƙa'idar gado, 'ya'ya suka rasu aka sāke rabawa, ƙarshenta jika ya tashi da 'yan kunyoyin da ba su ci da iyali, sai ya ba da haya ko jingina, ya koma ɗan ƙwadago a gonar kakansa. Ga kuma birni na matsowa, ana yanka filaye a bakin titi, har saurayi mai niyyar aure ya rasa inda zai kafa ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne karatu. Magabata sun keɓe rani don neman ilmi, da yake lokaci ne da fartanya ke hutawa, yaro ya ɗauki allonsa, babba ya zauna gaban malami da littafinsa. Noman rani ya cinye wannan sarari, ta yadda yaron da ya kamata a gani a aji da hantsi, sai a same shi yana koron tsuntsu a gonar shinkafa ko yana tsinkar tumatir, uban kuwa ba za a yi saurin zarginsa ba, tun da kuɗin yinin yaron na cikin cefanen gidan. Da yamma yaran su faɗa magudana wanka, su kwaso tsargiya, dare ya yi sauro ya karɓe su. Shekarar 2016, wadda aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, ita ce kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta share gonaki, masana'antar ta tsaya don rashin kaya. Wanda ya yi karatu ya nemi wata ƙofa, wanda bai yi ba ya zauna da bashi.

Laifuffukan yankin ma daga nan suke tsirowa: satar injin ban ruwa, shaye-shayen samari marasa gona, da saɓani da makiyaya, waɗanda dā suke sakin shanu cikin karan dawa bayan girbi, yau kuwa ko'ina shuka.

In zaɓe ya zo, sai a tarar magudana ɗaya ta ratsa mazaɓu biyu. Kura da Garun Malam suna tare da Madobi a Majalisar Wakilai, cikin Kano ta Tsakiya, Bunkure kuwa tana tare da Rano da Kibiya, cikin Kano ta Kudu. Ruwan kuma na hukumar tarayya ne, makarantun firamare na jiha da ƙananan hukumomi. Saboda haka manomin da kachala ta toshe masa magudana, rufin ajin ɗansa kuma ya yaye, ƙofa uku ko huɗu zai ƙwanƙwasa, kowacce ta nuna masa ta gaba.