Iko Ba A Fadar Sarki Kaɗai Yake Ba

Idan aka ambaci iko, hankalin jama'a yakan tafi ga fadar sarki ko gidan gwamnati. Amma duk wanda ya taɓa yin wata uku yana sintiri a ofis saboda takardun fanshonsa ya san cewa akawun da ke riƙe da fayil ɗinsa ya fi gwamna iko a kansa a wannan lokaci.

Shaihun malamin nan Bajamushe, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya bayyana iko da cewa shi ne damar da mutum yake da ita ta zartar da nufinsa ko da wani ya ƙi. Sa'an nan ya ce mutane sukan yi biyayya da son ransu ne bisa ɗayan dalilai uku: gargajiya, ko kwarjinin shugaba, ko doka.

Tarihin Arewa ya gwada wannan magana. Tsakanin 1967 da 1976 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka kuma kafa ƙananan hukumomi a madadinta. Duk da haka talaka bai daina faɗuwa gaisuwa a gaban sarki ba, bai kuma daina kai rigimar gona gaban dagaci ba. Doka ta ɗauke sanda, amma ba ta ɗauke girma ba.

Shi kuwa Michel Foucault, Bafaranshe, a littafinsa na 1975 kan asalin gidan yari, ya nuna cewa iko ba kaya ba ne da mutum ɗaya zai kulle a adaka. Yana gudana ne cikin ƙananan al'amura na yau da kullum: ƙararrawar makaranta, da rajistar zuwa aiki, da layin asibiti, har mutum ya saba tsare kansa ko ba mai kallonsa.

Watau ke nan malami da masinja da mai ba da kati a asibiti, kowannensu yana riƙe da wani yanki na iko, kuma ta hannunsu ne talaka yake ganin gwamnati, ko adala ko azzaluma. To, ma'aikacin da ke kukan zaluncin manya, ya kamata ya fara duba fayil nawa ne ke kwance a teburinsa, da kuma kwana nawa masu su suka yi suna jira.