'Yan Sandan Jihohi: Wa Zai Riƙe Linzami?

Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wata ƙofa ba: rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, kuma linzaminta yana Abuja. Ana yi wa gwamna kirari da shugaban tsaron jiharsa, amma sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar cewa sai ya ji daga sama kafin ya bi umarninsa. Shi ya sa duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye, gwamnoni kan ce an ɗaure musu hannu, kuma kukan nasu yana da tushe. Jami'in da aka turo daga wata uwa duniya bai san hanyoyin daji ba, balle ya gane baƙuwar fuska ranar kasuwa. Jihohi ma ba su tsaya jira ba: Kudu maso Yamma ta kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024.

Sai dai ana ta ja-in-ja kan kafa 'yan sandan jihohi kamar Abuja da gwamnoni ne kaɗai ke da haƙƙi a ciki, alhali talakan da za a kama shi ne mai babban rabo. Arewa ta taɓa ganin 'yan sandan gida. Kafin sojoji su narkar da su cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966, 'yan dokan En'e suna ƙarƙashin sarakuna ne, kuma sun san kowa da gidan ubansa. Wannan sanin shi ya zama bulala a kan 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU. A hana su izinin taro, idan sun taru a kama su, a kai su gaban alƙalin da shi ma En'e ke biyansa albashi. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, laifinta kuwa siyasa.

Masu goyon bayan 'yan sandan jihohi za su ce zamani ya canja, kuma 'yan sandan tarayya ma ba waliyyai ba ne, tunda cin zalin rundunarsu ta SARS ne ya fito da matasa kan titi a Oktoban 2020. Gaskiya ne, kuma ya isa hujjar cewa tara ƙarfi a hannun Abuja bai sa kowa ya tsira ba. Amma a dubi yadda gwamnoni ke yi da ikon da ke hannunsu yanzu. Zaɓen ƙananan hukumomi, wanda hukumomin zaɓen jihohi ke shiryawa, kusan kullum jam'iyyar gwamna ce ke lashe kujerun kakaf. Kuɗin ƙananan hukumomi 774 kuwa, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye. Wanda ya yi haka da akwatin zaɓe da baitulmali, akwai dalilin a yi taka-tsantsan kafin a miƙa masa bindiga.

Don haka duk gyaran da za a yi wa kundin don kafa 'yan sandan jihohi, ya kamata naɗa kwamishina da tsige shi su fita daga hannun gwamna shi kaɗai, albashin rundunar ya riƙa fita kai tsaye ba sai ya sa hannu ba, sannan a haramta mata shiga harkar zaɓe. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma ya iya kai ƙara kotun tarayya, inda gwamna ba shi da ta cewa wajen naɗa alƙali.