Yaron da ke kwance rediyo: ga aikin da za a ba shi a hutun nan

Kusan kowane gida akwai irinsa: yaron da ba ya barin tocila ko rediyo sai ya kwance ya leƙa cikinsu. Maigida yana can wurin fatauci, uwar gida ta gaji da faɗa. To, kafin a kai ga bulala, a gwada masa injin sarbo.

Injin fanka juyawa yake yi ba tsayawa. Shi kuwa sarbo inda aka ce ya tsaya nan yake tsayawa, tsakanin digiri 0 da kusan 180. Ƙaramin da ya dace da ɗan koyo shi ne SG90. Masu bi ta Legas sai su tambaya a kasuwar Alaba, na Accra kuma a Zongo Lane. A haɗo da allon Arduino Uno, da wayoyi, da abin murɗawa mai lamba 10K, irin na ƙara sautin rediyo.

Waya uku ne a jikin SG90. Ja ta tafi 5V, mai ruwan ƙasa ta tafi GND, mai ruwan lemo ta shiga rami na 9. Abin murɗawar ma ƙafa uku gare shi: na gefe biyu su tafi 5V da GND, ta tsakiya A0. Sai a jona allon da kwamfuta, a buɗe manhajar Arduino, a loda misalin da ake kira Knob. Kana murɗawa, hannun injin na bin ka.

Sirrin ke nan: allon yana aika sigina kusan sau 50 a daƙiƙa guda, tsawon kowace sigina ne ke gaya wa injin inda zai tsaya.

Amma a kula, kuɗi ne aka kashe. Musanya ja da mai ruwan ƙasa na iya ƙona injin. In yana rawa ko allon na ɗaukewa, wuta ce ta yi kaɗan: a ba injin nasa batir huɗu masu 1.5V, a haɗa ɓangarensu mai alamar ragi da GND ɗin allon. Soket ɗin bango kuwa, ko kusa kada yaro ya je.

Da zarar ya iya, zai haɗa murfin da ke zuba wa kaji tsaba. Kada dai a damƙa masa kulle akwatin kuɗin shago, don haƙoran cikin injin na roba ne. In Baba ya dawo, a bar yaron ya nuna masa da hannunsa.