Sarƙar da Ta Ƙi Zama

Ana tsakiyar noman rani ƙaramar katafilar da ke yashe hanyoyin ruwa a garaken bakin tafkin Madarumfa ta tsinke sarƙarta ta roba. A Maraɗi ba a samu irinta ba. Sai mai ita ya aika Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, aka zaga Ƙofar Ruwa aka samo sabuwa fil. Aka ɗaura ta zauna daram, amma direba na karya kwana a gangare sai ta zame. Aka mayar, ta sake zamewa.

Direba aka fara zargi, kamar kullum. Aka sauya hannu, ba ta sauya zani ba.

Bakaniken da aka ɗauko daga Maraɗi ya fara da ɗauri. Giris ake ɗurawa ta wata 'yar ƙofa a gefe, shi ke tura gargaren gaba ya miƙar da sarƙa. Ya kafa bokitin haƙa a ƙasa ya ɗaga ɓangare guda, ya wanke yashin da ya cushe, ya auna saƙwaƙwar da ke tsakiya: kaurin yatsa, yadda ake so. Giris kuma ba ya yoyo.

To ko tsawo ne? Ya goge cikin sarƙar ya karanta lambar da aka buga: 300x52.5x80. Wato faɗi milimita 300, tazarar ƙarfe da ƙarfe 52.5, ƙarafa 80. Bai yarda da rubutu ba, ya sa alli ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Daidai suke da na tsohuwar. Haƙoran gargaren baya da ke jan sarƙar ma ba su cinye sun yi tsini ba.

Nan ya ce a jawo tsohuwar daga inda aka yar da ita, har yara sun fara yankar robarta. Ya shimfiɗa su gefe da gefe. A cikin kowace sarƙa akwai layi biyu na ƙahonin ƙarfe, su ke riƙe ta a kan gare-garen ƙasa. Ya sa awo tsakaninsu: na sabuwar sun fi buɗewa. Ya kankare taɓon da ya bushe a lambar tsohuwar, sai ga harafin N bayan 52.5. Sabuwar W ce.

"Alhaji, kayan na da kyau, amma ba naka ba ne," in ji shi. N matsattsiya ce, W mai faɗin tsakani. A miƙe ba a gane bambanci. Sai an juya, sarƙa ta sami wurin wasa ta hau gargare ta fita.

Mai shagon Ƙofar Ruwa bai cuci kowa ba, lambobi uku aka karanta masa a waya, su ya cika. Kuɗin mota da na kan iyaka dai sun tafi sau biyu. Mai irin wannan inji, kafin ka aika kuɗi, wanke tsohuwar sarƙa, ɗauki hoton lambar har da harafin, ka auna tsakanin ƙahonin ka tura ta WhatsApp.