Malamar Asibiti Ce Fa, Amma Ta Tsaya Tana Kallo

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, titin Daura zuwa Kongolam ba ya hutawa: motocin shanu, 'yan acaba, masu a-kori-kura. In tsautsayi ya gitta aka yi karo, sai ka ji an ce a kira wance, ai malamar asibiti ce. Ta iso da ledar cefane a hannu, ta ga mutum kwance cikin jini, ta sandare. Kafin magariba gari ya ɗauka: "Takardar ce kawai, ba ta iya komai ba." Abin takaicin shi ne ita ma sai ta yarda. Ta koma bakin aiki tana shakkar hannunta, allurar da ta saba yi ba gargada sai ta duba ta sake dubawa, wata har ta fara tunanin ajiye aikin.

Sandarewa ba jahilci ba ce, ba kuma rashin tausayi ba. Tun 1915 Walter Cannon ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu in ya ga haɗari, daga baya masana suka ƙara na uku, wato tsayawa cak. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa, amigdala, shi ke fara jin barazana, ya ƙwace linzami kafin sashen goshi mai tsara tunani ya farga. John Leach, masani ɗan Birtaniya da ya nazarci haɗurran jiragen ruwa da na sama, ya kiyasta kusan kashi 75 cikin 100 na mutane ɗimaucewa suke yi a irin wannan hali.

To, ba ta saba da jini ba ne? Ta saba, amma a asibiti. Can akwai safar hannu, akwai ruwan ƙari, akwai abokiyar aiki, kowa ya san abin da zai kama. Ɗauki gwanar tuwo ka kai ta madafin da ba nata ba, babu muciya babu mara, mutum hamsin a kanta suna ihu, ka ga ko ba za ta yi turus ba.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ƙin taimakon gaggawa. Wadda ta daskare ba ƙi ta yi ba, maimaici ne ya yi mata ƙaranci. Danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti, hannu ke riƙe shi, kuma bincike ya nuna gwanintar kan fara dusashewa cikin wata uku zuwa shida in ba a sabunta ba. Sai a tambayi masu tsara bita a matakin jiha yaushe rabon da nas ɗin ƙauyukan kan iyaka su durƙusa gaban mutum-mutumin gwaji. Su kuwa 'yan kallo masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto, da ɗayansu zai kore taron, wani ya nemo mota zuwa Daura, da tuni ta dawo hayyacinta ta kama aiki.