Gyambon Kwanciya a Baƙar Fata

A Manchester da Birmingham akwai 'yan Arewa da ke aikin kula da tsofaffi, musamman tun 2022 da Birtaniya ta buɗe biza ga masu wannan aiki. Akwai kuma masu jinyar iyayensu a gida. Kowa an ce masa ya lura da jan tabo, wai shi ne farkon gyambon kwanciya. To, ina ja zai fito a jikin tsohuwar da aka kawo daga Katsina?

Ciwon yana samuwa ne idan mutum ya daɗe a kwance ko a zaune bai motsa ba. Nauyin jiki ya matse nama a kan ƙashi, jini ya kasa wucewa, naman ya fara mutuwa. Ya fi kama ƙashin gindi, dunduniya, kwatangwalo da gwiwar hannu. Mai shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon suga, da wanda fitsari ke kuɓuce masa sun fi shiga haɗari. A asibitocin gwamnati na NHS ana auna wannan haɗari da ma'auni irin na Judy Waterlow na 1985, a kuma raba ciwon mataki 4, daga fatar da ba ta fashe ba zuwa miki mai zurfi da ya kai ƙashi.

A baƙar fata, ido kaɗai ba ya isa. Wurin yakan yi duhu ko shuɗi-shuɗi, wani sa'in ma babu wani canjin launi. A sa hannu. A kwatanta da ɗaya gefen jikin: ya fi zafi ko sanyi? Ya yi tauri ko ya yi luɓus? A duba da hasken rana, a kuma tambayi mara lafiya, domin tsofaffinmu akwai kunya, ba kowa zai ce gindinsa na zogi ba.

Hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya ta ce a juya wanda ke cikin haɗari aƙalla kowane awa 6, wanda ke cikin babban haɗari kowane awa 4. Kada a murza wurin da man zafi, murzar ƙara ɓarna take yi. A tsaftace fata, a busar, a ɗaga dunduniya da matashi, a ba da abinci mai gina jiki da ruwa.

Da an ga alama, a sanar da likitan unguwa ko nas mai zuwa gida, su ne ke samo katifa mai iska. In akwai mugunya, wari, kumburi ko zazzaɓi, a kira lambar NHS ta 111 nan take.